Ƙwarin Waken Alhaji Maikuɗi

"Gawa fa ta, Insfekta, ba buhun gero ba! Rana na yi, kana cewa mu aje ta har yaushe?"

"Har ma'aikaciyar asibiti ta zo ta duba. Sau uku ke nan ina faɗa maka, Alhaji."

"Ta duba mi? Abin da kowa yag gani da idonai? Ga robar hura nan aje bakin gado!"

Insfekta Umaru ya gyara tsayuwa a ƙofar ɗakin, ya tare ta da kafaɗunsa. Ƙarfe takwas na safiyar Laraba ne, bazara ta kai maƙura a Anka, tun yanzu rigarsa ta manne masa a baya.

Wanda ke masa ihu a fuska shi ne Alhaji Maikuɗi, dillalin wake. Duk wanda ya san kasuwar Anka ya san shi: gajere, mai tumbi, mutumin da ko butar alwala sai an miƙo masa. Gawar da ake magana kuwa ta Muntari ce, ɗan wansa marigayi, saurayi ɗan shekara ashirin da huɗu mai haƙar zinariya a ramukan da ke wajen Sunke. Alhaji ya ce shi ya same shi da safe a ƙasa, ya yi amai, jiki ya sandare, ga ragowar fura da nono a gefensa.

Furar kuwa kowa ya san inda ta fito. Hamsatu ce ta dama masa jiya da la'asar a tasha, matar Jibo, Bafulatanin da ke da ruga a bakin gulbi. Kuma ba wanda ya manta cewa watan jiya saniyar Jibo ta faɗa wani rami da su Muntari suka haƙa suka bari a buɗe, ta karye, aka yanka ta, har Jibo ya nuna yaron da sanda a gaban jama'a.

Kafin labarin ya isa caji ofis ya riga ya zaga gari sau biyu. Samari suka tare Hamsatu a hanyar tasha da sassafe, suka fasa mata ƙwarya. Da Kofur John bai biyo ta wurin a kan babur ba, da yanzu gawa biyu ake gardama a kai. Tana can caji ofis a bayan kanta, rabi tsarewa, rabi ɓoyewa.

Wani dogon mutum ya ratso taron, layu sun cika masa damtse, bindigar gargajiya a kafaɗa. Labbo ne, shugaban 'yan sa-kai na yankin. Bai ɗaga murya ba, shi ya sa kowa ya yi tsit.

"Ranka shi daɗe, ka yi ta rubutunka, ba mu hana ka ba. Ana la'asar za mu ruhe yaro. In mun ruhe, muna da tahiya bakin gulbi."

"Ku yi me a can?"

"Gaisuwa," in ji Labbo.

Insfekta ya dube shi. Bukkoki goma sha ɗaya ne a rugar Jibo, yawancinsu tsofaffi da ƙananan yara. Shi kuwa mutum biyar ne a hannunsa, ɗaya ma zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya ga abin da irin wannan gaisuwa ta bari a wani ƙauye ta wajen Bukkuyum bara, har yau ba ya son ƙaurin ƙonannen kara.

"Ba wanda zai je ko'ina," ya ce.

Labbo ya yi murmushi kawai, ya koma gindin dalbejiya ya zauna da mutanensa.

Sista Dinah, ma'aikaciyar asibitin, ta iso da jakarta ƙarfe tara saura. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta zo Anka tun shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗibar yara a Abare da Yargalma, ta zauna har Hausarta ta fara karkata irin ta mutanen nan. Suka shiga tare.

Ɗakin shigifa ne, ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, taga ɗaya 'yar mitsitsiya can sama. Shiga ke da wuya Insfekta ya ji sanyi ya sauka masa a wuya kamar ya leƙa randa. An lulluɓe Muntari da zane a kan tabarma. A jikin bango an jera buhunan wake shida.

Sista ta durƙusa, ta duba idanu, ta duba baki da farce, ta daɗe tana sunsunar rigarsa.

"Dalma ce?" in ji Insfekta. "Aikin dutse yake yi."

"Dalma ba ta kayar da ƙato a kwana ɗaya. A hankali take ci." Ta ɗago rigar. "Sunsuna nan."

Ya sunsuna. Wani wari ne siriri, kamar tafarnuwa, kamar kifin da ya kwana.

"Wannan ba warin nono ba ne," ta ce. "Ban ce maka ga abin da ya kashe shi ba, sai an gwada. Amma ƙirjinsa ya cika da ruwa. Ni in ka tambaye ni, shaƙa ya yi, ba sha ba."

Insfekta ya dubi ƙasa. An share ɗakin tas, har sawun tsintsiya yana nan. Gidan da aka wayi gari da gawa, wa ke da zuciyar shara? Ya durƙusa ya haska ƙarƙashin gado da fitilar wayarsa. Can ƙurya, inda tsintsiya ba ta kai ba, ga tsaka biyu a kwance ciki sama. Ga kyankyasai sun fi goma, duk a bushe. Ga ɗan ɓera ya miƙe ƙafafu.

Ya miƙe ya ɗaga kai. A bakin tagar akwai zaren tsumma maƙale a tsagar itace.

"Alhaji, shigo."

Alhaji Maikuɗi ya shigo a duƙe, hannu ɗaya dafe da ƙugu, yana ɗan tari.

"Me ya sami bayanka?"

"Tsufa. Da baƙin ciki."

"Ana sa wa waken nan magani?"

"Magani? Ni?" Alhaji ya dafe ƙirji. "Tambayi kowa cikin Anka! Wakena toka da tanka mai yaji kaɗai ya sani. Shi ya sa mata ka rububinai, shi ya sa masu abinci ba su saye wurin kowa. Tsaya ka gani!"

Bai jira an ce ya buɗe ba. Ya fisge igiyar buhun farko, bakin ya wangale, sai ga ƙwari sun taso buu kamar hayaƙi. Suka faɗa wa Insfekta a fuska, suka shige masa wuyan riga, Sista Dinah ta ja baya tana kaɗe gashi.

"To! Ka gani? In da magani, ƙwaro na rayuwa? Buɗe duka shidan!"

Aka buɗe. Duk haka suke, waken ya sha huda, ƙwari na tafasa a ciki.

"Tun yaushe suke ɗakin nan?"

"Tun kaka. Wata biyar, ko motsa su ba a yi ba."

Insfekta ya fito ransa a jagule. Abin da ya kashe ɓera da tsaka da ƙaton saurayi, ta yaya zai bar ƙwaron da bai kai ƙwayar gero biyu ba?

A caji ofis ya sa aka fito da Hamsatu. Doguwa ce siririya, ta kai shekara arba'in, leɓenta ya kumbura, nono ya bushe a zanenta. Ta zauna a bakin benci kamar mai jiran a ce ta tashi.

"Kin sayar wa Muntari fura jiya?"

"Na saida."

"Akwai rigima tsakaninsa da mijinki?"

"Babu."

"Babu? Saniyar fa?"

Ta dubi bango.

"Ki daina ɓoye mini abin da duk gari ya sani. Mijinki ya ce masa zai gani, ko bai ce ba?"

"Ya ce. Nagge ta, mai ciki. Ko kai na sai ka ce haka."

"Me kika zuba a furar?"

"Nono. Da sukari, don shi ya ce in ƙara."

"Daga ƙwarya ɗaya kika dama wa kowa?"

"Ƙwarya guda gare ni. Ita ma sun fasa."

"Su wa suka sha bayan shi?"

Hamsatu ta juya a hankali, ta nuna ƙofa da haɓa. Kofur John, da ke tsaye da fayil a hannu, ya fara sosa ƙeya.

"Oga, gaskiya na sha. Ni ne na bi bayansa ma. Ludayi ɗaya ta yi mana amfani da shi."

"Kuma tun safe ba ka faɗa ba?"

"Oga, a bakin aiki nake lokacin. Kuma tun da na ji labarin nan cikina ke kuka, na shiga bayan gida sau huɗu ina jiran mutuwa."

"To ka mutu?"

"Har yanzu dai a'a, Oga."

Ba wanda ya yi dariya. Insfekta ya san wannan ba zai tsayar da Labbo ba. Za su ce ta ware masa nasa daban, kuma ba mai karɓar shaidar ɗan sanda a kan Bafulatana a irin wannan rana. Ya dubi agogo: sha ɗaya da rabi.

"Jibo yana ina?"

"Ruga. Innarshi ba ta tahiya, ƙafa ta mutu. Ba shi barin ta." Ta ɗago ido karo na farko. "Za su je?"

Insfekta ya fita waje don ya sami iska.

A ƙofar caji ofis, gindin bishiyar bedi, Iya Iyatu mai ƙosai tana kwashe kaskon ƙarshe. Shekara arba'in tana suya a wurin nan, ta ga shigar masu laifi da fitarsu fiye da kowane Di-Pi-O, kuma ba a taɓa rufe wani a ciki ba tare da ta san dalili kafin iyalinsa ba. Yau tun hantsi ya kamata ta tashi, amma wa zai bar bakin caji ofis a rana irin ta yau? Sai ta yi ta rage wuta.

"Ɗan nan, zo ka ci, ka rame tun sahe. An ce yaron har kumfa yay yi? An ce Alhaji ya suma?"

"Iya, ba ni da lokacin hira."

"Kai kullum ba ka da lokaci, shi ya sa har yau ba ka aje mata ba. Tsaya, mi a wanga ga wuyanka?"

Ta miƙa hannu ta tsinto wani abu a kwalar rigarsa. Ta ɗora a tafin hannu, ta kawo kusa da ido. Ƙwaron ya ɗan yi tafiya, ya buɗe fiffike, ya tashi.

"Af! Shagon wa kas shiga? Hala za ka fara dillancin wake, aikin ɗan sanda ba riba?"

"Ba shago na shiga ba. Ɗakin mamacin ne."

"Shigifar Muntari? Ta cikin gida?"

"Ita."

Iyatu ta ajiye matsamin ƙosai. "A'a. Wanga ba ɗan shigifa ba na."

"Ƙwaro ai ƙwaro ne, Iya."

"Ga ɗan sanda! Kai da waken ka sani sai cikin kwano. Zauna in gaya ma." Ta tsinto wani a hularsa, ta danne shi da farce. "Dube shi. Ja-ja, mai haske, siriri, ga fiffike. Wanga ɗan zahi na. In ka tara wake ƙarƙashin kwano, rana na dukan shi, kwana ashirin ƙwai ya zama ƙwaro. Uwa ta haihu, ɗiya ta haihu, jika ta haihu, wuri ya cika, zahi ya yi yawa. To daga nan sai su fara hito da irin wanga, masu son gudu. Kana buɗe buhu su faɗa ma ido."

"Na ɗakin ƙasa fa?"

"Shi malalaci na, kamar surukina. Baƙi, mai ƙiba. Sanyi na riƙe shi cikin wake fiye da wata kahin shi hito, in ya hito ma rarrafe shikai, ko ka hure shi sai dai shi mirgina. Ni da nika zaɓen wake tun kana cikin zane? Da na ga ƙwaro na san ɗakin da waken yak kwana, in taya shi yadda nika so."

Ta jawo wata tsohuwar samira daga ƙarƙashin teburinta, ta buɗe. "Ga nawa, daga ɗakina na ƙasa." Insfekta ya leƙa. Ƙwari ne baƙaƙe jefi-jefi, suna jan jiki a kan waken. Ya girgiza samirar. Ko ɗaya bai tashi ba.

"In aka ɗauko buhu daga shagon kwano aka kai ɗaki mai sanyi, sai su canza?"

"Su da anka riga anka haifa? Sai dai ɗiyansu, ko jikoki. Su kam yadda zahi ya gina su haka za su mutu." Ta matso, murya ƙasa-ƙasa, ido na ƙyalli. "Wai buhunan na tashi? Duka? Kai, ɗan nan, gaya man mana, ni ba ni faɗa ma kowa."

Insfekta ya riga ya miƙe. "Kofur! Kawo babur."

Ƙarfe ɗaya suka koma gidan. Taron ƙofar gida ya ninka. An jingina babura sun fi ashirin a jikin katanga, wani yana zuba fetur a jarka, kuma ba tankin babur zai zuba shi ba. Ba mai magana da ƙarfi. Suka buɗa wa Insfekta hanya ba tare da sun gaishe shi ba.

An riga an fitar da gawar don wanka. Ya sa Kofur John ya janye buhunan daga bango. A ƙasan inda suke akwai tsaga a daɓen, wake ya zuba a ciki tun tuni. Ya sa tsinke ya tono 'yan ƙwayoyi a tafin hannu. Ƙwarin da ke tare da su baƙaƙe ne masu ƙiba. Kuma duk matattu ne.

Ya nemi a yi masa iso wurin uwar mamacin. Lubabatu tana zaune a tsakar gida cikin mata, idanu sun bushe don kuka. Tun da mijinta ya rasu take zaune a gidan ƙaninsa da ɗanta guda ɗaya tilo. Matan suka ja gefe, amma ba su yi nisan da za su rasa ko kalma ɗaya ba.

"Inna, Allah ya ba ki haƙuri. 'Yan tambayoyi zan yi. Yaushe Muntari ya ce zai dawo daga daji?"

"Jumma'a. Ya ce man sai Jumma'a. An ce injin niƙansu ya lalace, shi ad dalili yad dawo jiya. Ko ganinai ban yi ba, na yi kwana. Da makullinai ya buɗe ya shiga."

"Ɗakin a kulle yake?"

"Baffanai ya kulle shi ran Litinin. Ya ce ɓeraye sun dame shi, kar kowa shi buɗe."

"Da asuba kin ji wani motsi?"

"Na ji kukan baro. Na ce ko masu ruwa na. Ya yi ta kai da kawowa, sannan daga baya Alhaji yay yi salati."

"Bayan kukan baron ya yi salatin?"

"Baya." Ta dube shi, fuskarta ta fara sauyawa. "Don mi kaka tambaya?"

"Zan dawo, Inna."

Shagon Alhaji Maikuɗi a jikin katangar gidan yake ta waje, bango kwano, rufi kwano, da ƙaton kwaɗo a ƙofa. Insfekta ya tsaya a gabansa ya sa aka kira mai shi. Sannan ya ɗaga hannu ya yafito Labbo.

"Zo ka tsaya kusa da ni. Ina son ka gani da idonka, kar a ba ka labari."

Alhaji ya fito yana jan ƙafa, gumi na bin gemunsa.

"Buɗe mana shagon nan."

"Yau? Ana makoki? Insfekta, ka ji tsoron Allah. Makullin ma ban san inda yas shiga ba cikin ruɗanin ga."

"Ka ce buhunan ɗakin Muntari wata biyar ba a motsa su ba."

"Haka na ce."

"Ƙwarin cikinsu masu tashi ne. Ba a haifar irinsu a ɗakin ƙasa, sai a ƙarƙashin kwano. Duk mai sayen wake a wurin nan ya san haka, ni ne kawai ban sani ba sai yau."

Wani dattijo a cikin taron ya gyaɗa kai. "Gaskiya na. Na shigifa ba shi tashi."

"Hirar tsohuwa ce wagga!" in ji Alhaji. "Da ƙwaro za a yi man shari'a? Ga wadda ta kashe man ɗa can kun ɓoye!"

"Labbo, makulli ya ɓata. Ko za ka taimaka mana?"

Labbo ya dubi Alhaji, ya dubi kwaɗon. Ya juya gindin bindigarsa, duka biyu ya ɓalle shi.

Zafi ya bugo su kamar an buɗe tanda. Buhuna sun kai rufi, ƙwari na shawagi a hasken da ke shigowa ta hudojin kwano. Daga gefe ɗaya akwai gurbin da aka kwashe kaya. Can baya kuma, an ja tsohon tamfol an rufe wani abu, baro yana jingine a kai.

Kofur John ya yaye tamfol ɗin. Buhuna shida ne, gindinsu duk jar ƙasar daɓe. Warin ya riga kowa magana: tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi.

"Ku ja baya. Kofur, toshe hancinka, jawo guda ɗaya waje."

Aka farke shi a rana, gaban jama'a. Wake ya zubo. Ba abin da ya tashi, ba abin da ya motsa. Ƙwari baƙaƙe suka biyo waken kamar baƙin tsakuwa. Sai ga wani ƙullin tsumma ya gangaro, sai na biyu, sai na uku. Insfekta ya sa tsinke ya warware ɗaya. Gari ne fari-fari kamar toka, da guntun ƙwayar da ba ta gama narkewa ba.

Ba manomin da bai san ta ba. Ƙwayar maganin hatsi ce da ake kira bom, wadda ake sa wa a rumbu a liƙe, a hana ko kaza zuwa kusa.

"Uku a buhu ɗaya," in ji Labbo a hankali. "Guda ta isa."

Alhaji Maikuɗi ya zame a jikin kwanon ya zauna a ƙasa.

"Jumma'a yac ce," ya faɗa. "Wallahi Jumma'a yac ce man. Ƙwari sun cinye man shago, na ce bari in tsirar da na shigifa, su a masu kyau. Ɗakin na riƙe iska, na toshe taga, na kulle. Kwana huɗu kaɗai nika so, in buɗe in share kahin shi dawo."

"Me ya hana ka gaya wa mutanen gida?"

"In gaya ma mata? Kahin azahar duk Anka ta ji waken Maikuɗi na da magani! Shekara goma sha biyar ina rantsuwa cikin kasuwa. Wa zai sake saye?"

"Da ka same shi da asuba fa?"

"Na ga takalmanai bakin ƙohwa. Na buɗe." Ya rufe fuska da hannu. "Ɗan wana na. Ni na yi mai huɗuba. Ƙaƙa zan dubi uwatai in ce ni na? Na kwashe buhunan, na kawo na shago don a ga ƙwari da rai. Sai na ga robar hura."

"Sai ka ce Hamsatu."

"Ban ce a kashe kowa ba!"

"Ka ga ana zuba fetur a jarka a ƙofar gidanka tun safe. Ka ce a bari?"

Daga bakin zaure aka ji wata ƙara da ba ta yi kama da ta mutum ba. Lubabatu ce, ta biyo su ba mayafi, ta ji komai. Mata suka riƙe ta.

Taron ya fara matsowa, wannan karon ba bakin gulbi suke kallo ba. Insfekta ya yi sauri ya ɗaura wa Alhaji ankwa, ya tsaya tsakaninsa da su.

"Labbo, ka ce kai mai tsaron gari ne. Ga aiki. Ka raka mu caji ofis, kar wanda ya taɓa shi. Jarkar nan kuma a mayar da ita inda aka ɗauko."

Labbo ya tofar da yawu, ya yi wa yaransa alama da kai. Aka tasa Alhaji Maikuɗi gaba a ƙasa, a duƙe, hula ta faɗi ba wanda ya ɗauka, mata na leƙe ta kan katanga har suka sha kwana.

Ana kiran la'asar Insfekta ya buɗe wa Hamsatu da hannunsa. Ya sa aka kawo mata ruwa. Ba ta sha ba.

"An gano mai laifi, ƙwarin wake ne suka tona masa asiri. Ba ki da hannu. Kofur zai kai ki gida a babur."

"Ba su je ba?"

"Ba su je ba."

Ta sauke numfashi, ta gyara ɗaurin zanenta. Labbo yana zaune a bencin bakin kanta, bindiga a cinya. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Ke Bahillata, Allah ya yi da sauran kwananku. Sai ki gode ma Insfekta."

Hamsatu ta tsaya. Ba ta dubi Insfekta ba, Labbo ta duba.

"Kun fasa man ƙwarya, kun fasa man baki. Ko guda cikinku bai ce ki yi haƙuri ba."

"Kuskure na, ya wuce."

"Yau ƙwaro ya yi magana. Gobe in wani ya mutu ɗakin da ba wake fa?"

Kofur John ya ɗauko makullin babur yana cewa ta jira shi.

"Bar shi. Da ƙafa na zo."

Ta fita, ta jawo ƙofar ƙarfen da ƙarfinta duka, ta buga ta har bangon ya amsa.